Yadda ake tsara bututun ƙarƙashin ƙasa don kar girgiza ko zaftarewar tudu su ɓalla shi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu aikin bututu a nan Saudiyya, musamman ƙannenmu da suka shigo harkar kwanan nan, masu safiyo da fomanoni da waɗanda suka gama karatun injiniya aka jefa su saiti kai tsaye ba wanda ya zaunar dasu. Zan yi bayanin yadda ake tsara layin bututu, na ruwa ne ko na mai ko na gas, ta yadda in ƙasa ta motsa ba zai ɓalle ba. Tun farko in faɗi inda na dosa. A wurin da ƙasa ke motsi, duk abinda muka saba kira aiki mai ƙarfi, wato a zurfafa rami, a daɓe ciko kamar ba gobe, a zubo kankare a lulluɓe, to shi ne yake kashe bututu. Ba zaka iya riƙe dutse in ya tashi tafiya ba, abinda zaka iya shi ne ka bar wa bututun hanyar da zai zame ya miƙe.

Nasan wani zai ce wai ana girgizar ƙasa a Saudiyya? Ana yi mana. Yankin Larabawa yana rabuwa da Afirka ta tsakiyar Bahar Maliya da kimanin santimita ɗaya zuwa biyu duk shekara, shi yasa gefen yamma gaba ɗaya bai cika kwanciya ba. Ranar 22 ga Nuwamba 1995 an yi wadda ta haura maki 7 a tekun Aƙaba, ta yi ɓarna a Haƙl da kan iyakar Durra. A 2009 kuma a Al-Is, can filin duwatsun aman wuta na Harrat Lunayyir arewa da Yanbu, an yi ƙananan girgiza sama da dubu 30 cikin 'yan watanni, babbar cikinsu mai maki 5.4 ta zo ranar 19 ga Mayu, ƙasa ta tsage tsawon kilomita 8, sai da aka kwashe mutane wajen dubu 40. Sannan ga layukan ruwan da ake tacewa a bakin teku a tura su sama, daga Shu'aiba zuwa Makka da Ɗa'if, daga Shuƙaiƙ zuwa Abha wadda ke sama da mita 2,000, duk sai sun hau gangaren duwatsun Sarawat, inda ruwan sama ɗaya mai ƙarfi yake iya sauko da rabin tudu.

Mataki na farko, ka raba motsin gida biyu, don ba maganinsu ɗaya ba. Akwai jijjiga, wato ƙasa ta kaɗa ta dawo inda take. Akwai kuma gocewa, wato ƙasa ta tafi bata dawo ba: tsaga ta buɗe gefe ɗaya ya goce, ko tudu ya zame, ko yashi mai ruwa ya saki ya malale. Mutane jijjigar suke tsoro amma ga bututun ƙarfe mai walda mai kyau ba ita bace matsala. Ga lissafin a sauƙaƙe. Ka raba gudun kaɗawar ƙasa da gudun tafiyar igiyar girgizar. In ƙasa na kaɗawa rabin mita a daƙiƙa, wanda girgiza ce mai ƙarfi sosai, igiyar kuma na tafiya mita 2,000 a daƙiƙa, miƙewar da zata shiga bututu bata wuce kashi 0.025 cikin ɗari ba. Ƙarfen bututu mai darajar da ake kira X60 kuwa sai ya kai wajen kashi 0.2 kafin ma ya fara saki. Kaga da saura sosai. Wanda jijjiga ke wahalarwa shi ne bututu mai gaɓa-gaɓa da ake cusa baki cikin baki da roba, da tsoffin na asbestos da na ƙarfen zubi masu gautsi. Gocewa kuwa da mita ake auna ta ba da milimita ba, kuma a ɗan gajeren wuri take taruwa. Don haka kusan duk aikinka a kanta zai ƙare.

Mataki na biyu shi ne nemo wuraren, kuma anan ne ake yawan ha'inci don aikin ƙafa ne. Ka fara da takarda: taswirorin Hukumar Binciken Ƙasa ta Saudiyya da ke Jidda, da SBC 301 na dokar gini ta Saudiyya wanda ke bada ƙarfin girgizar da ake tsammani a kowane yanki. Amma ka sani SBC don gini aka yi shi, zai gaya maka yadda ƙasa zata kaɗa, ba zai nuna maka inda zata tsage ko ta zame ba. Wannan sai ka ɗora layinka kan hoton tauraron ɗan adam, ka kwatanta na bana da na shekarun baya, sannan ka sa takalmi ka bi layin da ƙafa tare da masanin duwatsu, kuma in da hali bayan an yi ruwa. Abinda ido zai nema a kan tudu: tsaga mai lanƙwasa kamar jinjirin wata a can sama, ƙasa ta kumbura ta yi tozo a gindin tudun, itatuwan ar'ar da suka karkace gindinsu ya lanƙwashe kansu ya sake miƙewa sama, katangar gonakin bene irin na Faifa da ta turo ciki, falwayar wuta da ta jingina, kwalta da aka yi wa faci sau da yawa a wuri guda. Sai kuma wurin da ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar busasshen gangare, ruwa baya tsami banza, akwai jiƙa a ƙasan wurin. Kuma dan Allah ka tsaya ka gaida dattawan ƙauyen ka sha gahawarsu, ka ce ya ammi ina ne dutse ya taɓa saukowa anan, zasu nuna maka da sanda har shekarar da abin ya faru. Babu na'urar da zata baka wannan a arha haka.

Bayan nan sai jassa, wato ramukan gwajin ƙasa. Kar ka yarda a jera su tazara ɗaya daga farkon layi zuwa ƙarshe don kawai a cika sharaɗin kwangila, a tara su inda ake zargi. A tudu kana son sanin zurfin shimfiɗar da ƙasa ke zamewa a kanta, don haka ramin ya wuce ta ya shiga dutse mai lafiya, a saka bututun awon karkata da na awon ruwan ƙasa a barsu su ga damina aƙalla ɗaya. A bakin teku kuma gwajin guduma ake yi, guduma mai kilo 63.5 ana sako ta daga santimita 76 ana ƙirga bugu nawa ne zai nutsar da sandar santimita 30. In ka ga yashi mai laushi a ƙarƙashin ruwan ƙasa, cikin mita 15 na sama, kuma bugun bai kai 15 ba, sa masa jan biro. Abinda kake so ka fito da shi daga wannan matakin lambobi uku ne ga kowane wuri: ƙasar zata goce mita nawa, ta wace fuska, kuma faɗin wurin nawa ne. In babu waɗannan ukun duk lissafin da zai biyo baya zane ne kawai.

Na uku gajere ne: in zaka iya kaucewa, kauce. Ƙarin mita 500 na bututu ya fi arha akan gyara ɗaya a tsakiyar aƙaba, wato hanyar hawan dutse, inda ko kuren ba zai iya tsayawa ba. A dutse ka bi ƙashin bayan tudu, in zaka hau ka hau miƙe ka sauka miƙe, kar ka ratsa gangare a kaikaice kana yanka masa ciki, don yankan da boklen, wato motar haƙa, zai yi a gindin tudu shi kansa yana iya tada zaftarewar da ta shekara ɗari tana barci. Inda kuɗi ya isa ana huda ƙasa a bi ta ƙarƙashin shimfiɗar zamewar gaba ɗaya, ko a fasa dutse a yi rami mai ɗauke da bututun. Tsagar girgiza ce dai ba a cika iya kauce mata ba tunda tana iya yin kilomita da yawa, ita sai dai a zaɓi inda za a tsallaka da yadda za a tsallaka.

To anan gizo ke saƙa, mataki na huɗu, kusurwar tsallakawa. Ɗauki gwangwanin lemo wanda ba komai ciki, ka kama kai da gindi ka ja da duk ƙarfinka, ba abinda zai same shi. Yanzu ka matse shi ta tsawo, nan take zai yamutse ya tattare, kuma a wurin tattarewar yake yagewa. Bututun ƙarfe haka yake. In ana jansa yana iya miƙewa kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari bai fashe ba muddin waldar ta yi kyau, in ana matsa shi kuwa tun bai kai kashi 1 ba fatarsa ta fara tattarewa. Dokar Turai ta Eurocode 8 kashi na 4 ta yarda da kashi 3 a ja, a matsi kuma ta ce ka ninka kaurin fata sau 20 ka raba da rabin faɗin bututun, kuma ko nawa ya fito kar ya wuce kashi 1. Bututu mai faɗin milimita 600 da kaurin 10 zai baka kashi 0.67 kacal. Saboda haka ka zana tsagar a takarda, ka sa kibiya a kowane gefe tana nuna inda zai tafi, ka ɗora layinka, ka sa ɗigo biyu a kansa ɗaya a kowane gefe, ka tambayi kanka bayan gocewa ɗigon nan biyu nesa zasu yi da juna ko kusa? In nesa ne madalla. In kusa ne juya layin har sai sun koma nesa. Ga tsagar da ke gocewa gefe da gefe irin ta Aƙaba, ana son a tsallaka kusa da miƙe, tsakanin digiri 70 da 90, ta ɓangaren da zai bada ja. Ga wadda gefe ɗaya ke faɗawa ƙasa, irin waɗanda suka fi yawa a gaɓar Bahar Maliya, tsallakawa miƙe ja take bayarwa dama. Mai wuyar ita ce wadda gefe ɗaya ke hawa kan ɗaya, ita matsi ne ko ta ina, sai dai a rage kusurwar sosai a ƙara kauri.

An ga wannan a Turkiyya a girgizar Izmit ta 17 ga Agusta 1999. Wani bututun ruwa na ƙarfe mai faɗin mita 2.2 ya tsallaka tsagar a Kullar ta kusurwar da ta jefa shi cikin matsi, ƙasa ta goce wajen mita 3, ya tattare a wurare har ya yage yana zubar da ruwa. Shekara uku bayan nan, 3 ga Nuwamba 2002, girgiza mai maki 7.9 ta tsaga ƙasa daidai ƙarƙashin bututun man Alaska mai inci 48, ta goce sama da mita 4, ko ɗigon mai bai zuba ba. Dalili kuwa tun shekarun 1970 masu tsara shi sun san da tsagar Denali, sun fito da bututun sama a wannan yankin suka ɗora shi kan dogayen ƙarafa masu santsi yana tafiya a karkace, suka bar masa damar zamewa mita 6 a kwance da mita 1.5 a tsaye. Tun ran gini ran zane. Kuma darasin da ke ciki a wurina shi ne wani lokacin amsar bututun da aka binne ita ce a daina binne shi na ɗan wani tsawo.

Na biyar, irin bututu da irin haɗi. In ƙarfe ne, a yankin haɗari a ƙara kaurin fata, kuma gara ƙarfe mai matsakaicin daraja mai kauri wanda ke miƙewa sosai kafin ya tsinke, akan mai babbar daraja siriri. Waldar ta zama baki da baki mai ratsa kaurin gaba ɗaya, a ɗauki hoton kowane haɗi ɗaya bayan ɗaya ba a tsinci kaɗan ba, kuma ƙarfin waldar ya fi na jikin bututun, in ba haka ba duk miƙewar sai ta taru a kan haɗin. Waldar da ake cusa bakin bututu cikin faffaɗan bakin na gaba da shi a zagaye ta da wuta, wadda aka saba da ita a manyan layukan ruwa saboda sauri, bata da ƙarfi a matsi, a bar ta a inda ƙasa ke kwance. A girgizar Northridge ta Amurka a 1994, a titin Balboa, tsohon layin gas na 1930 mai tsohuwar walda ya tsinke, manyan layukan ruwa biyu ma suka ɓalle, wuta na ci a saman ruwa, alhali wasu layukan da aka yi da waldar zamani a titin guda basu fashe ba.

In daktayil ne, wato ƙarfen zubi marar gautsi, wanda shi muka fi gani a layukan cikin gari, haɗin turawa na roba zarewa yake yi kawai. Akwai na Japan mai makulli a ciki, kowace gaɓa tana iya buɗewa ko rufewa kashi 1 cikin ɗari na tsawon sandar, in ta kai ƙarshe ta kulle ta jawo ta gaba da ita. Irinsa ya tsallake girgizar Kobe ta 1995 lafiya a inda sauran suka zube, kuma ma'auninsa na cikin ISO 16134. Amma ka yi lissafi, sanda mai mita 6 santimita 6 take bayarwa, in kana jiran buɗewar mita ɗaya kana buƙatar gaɓa wajen 17 su raba ta, kuma wajen shimfiɗawa dole a bar kowane haɗi a tsakiyar tafiyarsa, in lebura ya tura shi har ƙurya to an cinye rabin amfanin. Baƙin roba HDPE da aka haɗa da wuta shi ma gwani ne wajen jure motsi, an shaida haka a Christchurch ta New Zealand a 2011. Sai dai zafinmu: mita 100 na HDPE da ya sha rana in ya huce da digiri 30 zai ja baya fiye da rabin mita, kuma ƙarfin da aka rubuta a jikinsa na ruwa mai digiri 20 ne, ruwanmu ya fi haka zafi, sai an rage. Bututun faiba kuwa, wato na zaren gilashi, duk da yana da kyau wajen gishiri, ni dai bana sa shi a inda nake jiran ƙasa ta goce.

Na shida, rami da ciko, kuma anan nake so fomanoni su buɗe kunne. Ƙarfin da ƙasa ke kama bututu da shi yana ƙaruwa da zurfi, da nauyin ciko, da kaushin fatar bututun. Ɗauki bututunmu na milimita 600, tsakiyarsa na zurfin mita 1.5 cikin yashi, fatarsa mai santsi ta ifoksi ko roba. In ka buga lissafin da ke cikin jagorar American Lifelines Alliance ta 2001, ƙasa zata kama shi da wajen kilonyutan 15, wato kamar nauyin tan ɗaya da rabi, a kowace mita. Ka maida shi zurfin mita 3 ya zama 30. Ka lulluɓe shi da kankare ya haura 50. To a ce wani yanki na tudu mai tsawon mita 200 ya zame yana bin tsawon bututun, rabin nauyin jan zai tafi sama ya zama ja, rabi ya tafi gindi ya zama matsi. A na farko kilonyutan 1,500 ne, wajen megafaskal 80 a ma'aunin nauyin da jikin ƙarfen ke ɗauka, ba komai. A na ƙarshe ya haura 5,000, wajen 280, kafin ka ƙara matsin ruwan ciki da na zafi da lanƙwasa, alhali ƙarfen X60 a megafaskal 415 yake saki. Bututu ɗaya, tudu ɗaya, bambancin kawai yadda aka binne shi.

Don haka a yankin gocewa ramin ya zama marar zurfi, rufin kamar mita ɗaya, mai faɗi, bangonsa a kwance kamar kwarin kwano ba a tsaye ba, yadda in bututun ya tashi gocewa gefe zai ture ciko ya hau sama maimakon ya daki bangon dutse. Cikon ya zama sakakken yashi ko tsakuwa mai mulmulallen jiki, ba laka ba, ba ɓaraguzan dutsen da aka fasa ba, kuma ba a bi ta kansa da rola. Wasu na shimfiɗa tabarmar jiyotekstayil ninki biyu a bangon don ƙarin santsi. Irin wannan ramin aka yi a inda bututun Baku zuwa Ceyhan ya tsallaka tsagogin Turkiyya. Na taɓa tsayawa a wani saiti a kudu inda zane ya nuna sakakken yashi ɓaro-ɓaro, da safe muka tarar muƙawil, wato ɗan kwangila, ya sa an zuba ragowar kankaren da ya rage a mota a kan bututun, tsawon kamar taku ashirin, har an shafe shi da cokali ya yi sumul, foman na tsaye yana murmushi yana jiran yabo, wai ya muhandis ai yanzu ko tanka ta bi ta kai ba abinda zai same shi. Sai da aka kawo jakhama aka farfasa, fatar bututun ta ƙwarzane a wurare aka sake naɗe ta. Shi a ganinsa alheri ya yi, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa dalilin yashin. Ku riƙa gaya wa masu aiki dalili.

Rashin zurfi na da nasa haɗarin, boklen ɗin wani na iya cakar bututun, don haka a jera fale-falen kankare a can sama kusa da fuskar ƙasa ba tare da sun taɓa bututun ba, da tef ɗin gargaɗi da alamomi. In titi ne ya ratsa wurin kuma dole a daɓe, sai a saka bututun cikin kwalbati mai faɗi ya zauna a sake a ciki.

Na bakwai, ka bar masa tsawon da zai miƙe. Da kamun kilonyutan 15 a mita, bututun nan na buƙatar wajen mita 500 kafin ƙasa ta riƙe shi gam. Wannan tsawon shi ne dukiyarka. A ce tsaga ta goce mita ɗaya kana tsallaka ta a digiri 70, jan da zai bi tsawon bututun santimita 34 ne. In ya rabu kan mita 200 ta kowane gefe, ƙasa da kashi 0.1 ne. In kuwa akwai ɗakin bawul mita 10 daga nan da tubalin kankaren gwiwa mita 10 daga can, santimita 34 ɗin nan kan mita 20 zasu sauka, kashi 1.7, tun ba a sa lanƙwasa ba. Don haka mita 200 zuwa 300 kowane gefe layin ya tafi miƙe sambal: ba gwiwa mai kaifi, ba reshe, ba tubalin kankare, ba ɗakin bawul. In lanƙwasa ta zama dole a yi ta mai faɗin zagaye da bututu mai kauri. Inda bututu zai shiga tanki ko gidan famfo kuma, gini baya motsi tare da ƙasar waje, a sa haɗi biyu masu lanƙwasuwa da gajeriyar sanda a tsakaninsu.

Na takwas na masu aikin tudu ne: ruwa. Yawancin zaftarewa ruwa ne ke tada ta, kuma ramin bututunka da ka cika da yashi ya zama magudana, yana tattaro ruwan saman tudu yana kai shi daidai inda ba a so. A datse ramin da buhunan yashi ko kumfa, inda gangara ta yi tsanani kamar kowane mita 30 ko ƙasa da haka, kowace datsiya da ƙaramin bututu mai huji da zai fitar da ruwan gefe zuwa kwari. A sama a yi kunya a kaikaice tana karkatar da ruwan sama. Kar a tara ƙasar haƙa a kan goshin tudu, nauyi ne kake ƙara masa. Kuma yoyon bututun ruwa shi kansa yana jiƙa tudu har ya zame, don haka ɗan yoyo a aƙaba ba abin a bari sai an samu lokaci bane. Wadi kuma, wato kwarin da ambaliya ke bi, dokarsa ta saɓa da ta tsaga, a wadi zurfi ake so, a wuce inda ambaliya ke iya ƙwaƙulewa, duk wanda ya ga abinda ruwa ya yi a Jidda a Nuwamban 2009 ba sai an yi masa dogon bayani ba. In tsaga da wadi suka haɗu a wuri ɗaya, wanda yana faruwa don ruwa na son bin inda dutse ya karye, matsar da wurin tsallakawar.

Na tara, sabkha, wato fadamar gishiri, da yashin gaɓa, daga Jazan har Yanbu da kuma gabas wajen Jubail. In yashi mai ruwa ya saki lokacin girgiza yana zama ruwa mai nauyin kusan ninki biyu na ruwan sha, sai bututu ya taso. Namu na 600 za a tura shi sama da wajen kilonyutan 5.4 a mita, nauyin ƙarfensa 1.5 ne, ruwan cikinsa 2.6, kaga ko a cike yake bai kai ba balle na gas ko wanda aka zazzage. A Japan an sha ganin manhol ya fito sama da kwalta bayan girgiza. Magani: a sauka ƙasa da shimfiɗar da ke saki, ko a gyara ƙasar da ginshiƙan tsakuwa, ko a ɗaure bututun da ƙusoshin murɗawa, ko a ɗora masa nauyi. Amma ka tuna nauyin kankare na ƙara kamu, in wurin kusa da gaɓa ne ko bakin kwari inda ƙasar zata malale gefe, sai an auna biyun tare. Gishirin sabkha kuma na cin ƙarfe, bututun da tsatsa ta cinye rabin kaurinsa duk lissafin da muka yi a sama bai shafe shi ba, don haka fata mai kyau da kariyar lantarki ta kasodik mai hana tsatsa ba abin ragewa bane. Tsohon garin Jazan ma kan tudun gishiri yake zaune, can ƙasa na iya nutsewa ba tare da wata girgiza ba in ruwa ya narkar da gishirin.

Na goma, lissafin hannu na tacewa ne kawai, don ka san ina ne ke buƙatar kulawa. Duk wurin da lissafin ya nuna haɗari sai an kai shi kwamfuta, a zana bututun da ƙasar a matsayin sifirin ta fuska uku, a tura gocewar a hankali a ga inda miƙewa ta fi taruwa, galibi 'yan mitoci ne daga tsagar inda lanƙwasa ta fi tsanani. A gwada da ƙasa mai tauri da mai laushi, da matsin ciki da babu, don bututun da ba komai cikinsa ya fi saurin tattarewa. A sa zafi a ciki: bambancin digiri 30 tsakanin ranar da aka rufe layi da lokacin aiki na bada wajen megafaskal 75 a ƙarfen da ƙasa ta riƙe. Shi yasa lokacin da ake waldar ƙarshe mai haɗe layi ba abin wasa bane, a rubuta zafin ƙarfen a wannan sa'ar, kar a bar shi ga ra'ayin mai walda.

Daga ƙarshe bawul ɗin rufewa a kowane gefe na yankin haɗari, a wajen tsawon miƙewar da muka ce, kuma irin wanda ake rufewa daga nesa ko mai rufe kansa in matsi ya faɗi, don ranar da tudu ya sauko hanyar zuwa wurin ma ta tafi. A manna ma'aunan miƙewa a jikin bututun kafin a rufe, uku-uku a zagaye, ko a bi shi da zaren faiba mai jin motsi. A kafa turakun safiyo a kan tudun da wajensa ana auna su bayan kowane babban ruwa. In awo ya nuna bututun ya fara ɗaukar nauyi, ana tone shi a buɗe tsawon wurin ya saki jikinsa ya koma daidai, wani lokacin har a yanke a cire ko a ƙara guntu, sannan a sake rufewa da sakakken yashi. A ajiye sanduna biyu uku masu kaurin wurin da haɗe-haɗensu a sito mafi kusa, don irin wannan kaurin ba a samunsa a kasuwa rana ɗaya. Sannan zanen ƙarshe da za a miƙa wa masu kula da layi ya nuna yankin da launi daban, a rubuta da Larabci da Turanci cewa ba a daɓe nan, ba a zuba kankare, ba a jona reshe, kuma a kafa allo mai wannan rubutun a farkon yankin da ƙarshensa.